Hambirkin lantarki ya ƙi saki a jif: ta ina ake farawa?

Dan_Gareji_Kano:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa kanikawa. Jif-jif ɗin da ake shigowa da su yanzu, da yawansu ba su da hambirki irin wanda muka saba ja da hannu ko takawa da ƙafa, sai wani ɗan maɓalli mai alamar P a kusa da giya. Maganar da ke yawo a gareji ita ce idan wannan birki ya kama ya ƙi saki, musamman in batir ya mutu, to babu dabara sai janwe ko a nemo mai kwamfuta. Wasu kuma cewa suke a cire kan batir na minti goma, zai saki da kansa. Don Allah masu sanin abin su warware mana. Yaya ake sakinsa a ƙa'ida? In ya ƙi, me ake fara dubawa? Kuma akwai hanyar sakinsa da hannu ba tare da an ɓata wani abu ba?

Injiniya_Panteka:
Wa alaikumus salam. A fara da ƙa'idar tukuna, domin sau da yawa birkin lafiyarsa ƙalau, mai motar ne bai cika masa sharaɗi ba. Sai mota tana kunne, ko aƙalla an murɗa makulli fitilun dashbod duk sun kama. In mai maɓallin tayarwa ce, a danna sau biyu ba tare da taka birki ba. Sannan a taka birkin ƙafa sosai, ƙafa na kai a danna maɓallin P ƙasa. Za a ji ƙara daga tayoyin baya kamar ta na'urar ɗaga gilashi, na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, jar fitilar P ta mutu. Shi ke nan ya saki. Ja sama kamawa ne, dannawa ƙasa saki ne. Haka yake a Honda CR-V daga 2017, Toyota RAV4 daga 2019, Highlander daga 2020, da Volkswagen Tiguan.

In ba a taka birkin ƙafa ba, ko sau ɗari aka danna ba zai saki ba. Da gangan aka yi shi haka saboda kada ya saki in yaro ko kaya suka taɓa maɓallin.

Mai_Benz_Zariya:
Injiniya, a ƙara da cewa Mercedes ta sha bamban. A ML daga 2012 da GLE da ta biyo bayanta, maɓallin ba ya kusa da giya, yana hagu da sitiyari, ƙasa da makunnin fitilu. Kuma shi turawa ciki ne kamawa, jawowa ne saki. Wanda ya saba da Toyota sai ya yi ta turawa yana ƙara ɗaure motar, yana cewa ta lalace.

Rewaya_Tudun_Wada:
Maganar cire kan batir ɗin nan a ajiye ta gefe, ba ta da tushe. Ga yadda abin yake a ciki. A bayan kalifar kowace tayar baya, wato ƙarfen da ke rungume da farantin birki, akwai wani baƙin akwati na roba, cikinsa ɗan injin lantarki ne, wanda muke kira moto, da 'yan ƙananan giyoyi. Moton yana juya wata sanda mai zare kamar kusa, sandar tana tura noti, notin yana tura fistin, fistin ya matse fad a jikin farantin birki. Zaren sandar nan an yi shi ne yadda ba ya warwarewa da kansa. Da zarar ya ɗaure, ba ya bukatar wuta don ya ci gaba da riƙewa. Wuta ana bukatarta ne a lokacin ɗaurewa da lokacin kwancewa kawai. To ka ga cire batir ba abin da zai yi illa ya raba shi da wutar da zai kwance kansa da ita.

Abin da cire kan batir yake yi wani lokaci shi ne ya sa kwamfutar motar ta sake farawa in ta rikice. Amma ko a nan ɗin, sai an mayar da batir mai ƙarfi an danna maɓalli kafin ya saki.

Dan_Gareji_Kano:
Madalla, Oga. Ke nan in batir ne matsalar, da an haɗa wani batirin zai saki?

Rewaya_Tudun_Wada:
Ƙwarai, kuma nan ne ya kamata kowa ya fara. A sa mita a kan batir, mota a kashe. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2 ya sha rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya yi rauni. Abin da ke ruɗar mutane shi ne fitilun dashbod suna kamawa, rediyo na magana, sai a ce ai akwai wuta. Waɗannan ba su cin komai. Moton birki kuwa a daidai lokacin da zai ɓanɓare ɗaurin yana jan wuta da yawa, kuma guda biyu ne. Da wutar ta faɗi, kwamfuta sai ta tsayar da aikin ta kunna fitilar gargaɗi. Shi ya sa a bar mitar a kan batir, wani ya danna maɓallin, a ga ko lambar za ta rufto ƙasa. In mota ta tashi kuma a sake aunawa: in altaneta na caji za a ga tsakanin 13.8 da 14.5.

A duba kawunan batirin ma. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a kai, ko kan da ake iya juyawa da hannu, ya isa ya jawo duk wannan.

Hajiya_Injiniya:
Ina so in tsaya kan yadda ake haɗa batirin, domin a nan ake yin ɓarnar da ta fi ta birkin tsada. Dabarar da aka saba a tsofaffin motoci, a sa batirin wata mota a tayar, sannan a zare shi inji na aiki a mayar da mataccen, kada a yi ta a waɗannan jif ɗin. Batir shi ke shanye hawa da saukar wutar altaneta. In aka zare shi inji na juyawa, wutar tana iya yin tsalle ta ƙona kwamfutar ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, kuma a sababbin motoci da yawa a cikinta ne ƙwaƙwalwar hambirkin take.

A yi amfani da wayar haɗi masu kauri. Ja a kan fulos na mataccen batir, ɗaya bakin jan a kan fulos na mai rai. Baƙi a kan mainos na mai rai, ɗaya bakin baƙin a jikin ƙarfen inji inda ba fenti. A bar motar da ke ba da wuta tana aiki kamar minti biyar kafin a taɓa komai. Kuma volt 12 kawai, kada a ɗauko wuta daga babbar mota mai batir biyu a jere, tata 24 ce.

Ba dole sai an kai ga batirin kansa ba. BMW X5 batirinta a but yake, ML ƙarƙashin kujerar gaba ta dama, RAV4 mai haɗin fetur da lantarki a baya. Dukansu an tanadi wurin maƙala waya a gaba cikin ɗakin inji, yawanci da jar murfi.

Alhaji_Mai_Janwe:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma tunda an ambaci janwe, a sani cewa jan mota tayoyin baya a kulle ba mafita ba ne. Mita kaɗan a kan kwalta ya isa ya cinye tayar a wuri ɗaya ta yi faci, daga nan sai ta riƙa bugawa har ƙarshen rayuwarta. In dole sai an ɗauke ta, a nemo mai shimfiɗaɗɗen baya, a sa wa tayoyin baya abin da za su zame a kai ko ƙananan tayoyin ɗauka. Jif mai jan ƙafa huɗu ma ko birki ya saki, ba a ɗaga gabanta a ja ta baya na gudu a ƙasa.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Kafin a kai ga sifana, kunne ma kayan aiki ne. Mutum ɗaya ya zauna ya danna, ɗaya ya tsuguna a baya ya saurara gefe-gefe.

In ba ƙara ko kaɗan a duka ɓangarorin biyu, ba moton ne ya mutu ba, da wuya su mutu tare rana ɗaya. Umarni ne bai iso ba. A duba batir, a duba fis, a duba maɓallin kansa. Maɓallin yana zaune ne kusa da wurin ajiye kofi, shayi da lemo suna gangarawa cikinsa su danƙare. Sai kuma abin da aka fi mantawa, wato makunnin fitilar birki da ke saman fedar. Ta shi ne kwamfuta ke sanin an taka birki. Gwajinsa mai sauƙi ne: a taka, a dubi fitilun baya. In ba su kama ba, kuma giya ta ƙi fita daga P, kuma maɓallin tayarwa ya ƙi tayar da inji, to ga ɓarawon nan. Ɗan ƙaramin abu ne mai araha.

In gefe ɗaya na ƙara ɗaya shiru, a zare soket ɗin gefen da ya yi shiru. Sau da yawa za a tarar ruwa ya shiga bakunan sun yi kore, ko wayar ta karye a ciki a daidai inda take lanƙwasa duk lokacin da tayar ta hau ta sauka. Daga waje robar wayar lafiya lau, tagullar ciki ce ta rabu. A ja ta a hankali, in ta miƙe kamar roba a wuri ɗaya to nan ne.

In ana jin moto yana gudu fiye da yadda ya saba, yana ƙara kamar niƙa, amma taya ba ta saki ba, haƙoran giyoyin ciki sun cinye. Wannan sai canjin akwatin.

Sadiya_Diagnos:
Ƙari a kan na Malam Bakanike, launin fitila ma yana magana. Jar P a tsaye, birki a kame yake. Jar P tana ƙiftawa, ya fara aiki bai ƙarasa ba, ko kamawa ko saki. Ruwan ɗorawa mai P da alamar motsin rai ko sifana, kwamfuta ta ga matsala ta ajiye lamba. Wannan lambar a karanta ta kafin a goge. Mutane suna saurin gogewa don fitila ta mutu, sai a rasa shaidar da za ta nuna ko gefen hagu ne ko dama, ko ƙarancin wuta ne, ko waya ce ta yanke.

Kuma in fitilar ABS ita ma tana kunne, a fara da ita. Hambirkin yana karɓar labarin gudun taya daga firikwensin ABS. Firikwensi ɗaya ya mutu, sakin da yake yi da kansa idan an taka totur yana iya tsayawa.

Dan_Maradi_4x4:
Wane saki da kansa kuma? Ashe ba dole sai an danna ba?

Injiniya_Panteka:
Ba dole ba, ɗan'uwa, amma shi ma da sharaɗi. A CR-V, direba ya ɗaura bel, inji na aiki, giya a D ko R, ya taka totur a hankali, birkin zai saki da kansa. In bai ɗaura bel ba ba zai saki ba, kuma nan ne direbobinmu suke yawan cewa motar ta riƙe. Wasu motocin har ƙofar direba sai ta rufu sosai. A RAV4 kuma da giya aka haɗa shi: ka fitar da giya daga P ƙafa na kan birki ya saki, ka mayar P ya kama. Ana kunna wannan tsari ne ta jan maɓallin sama a riƙe har mota ta yi ƙara ta rubuta saƙo, ana kashe shi ta danna shi ƙasa a riƙe haka nan.

Kada kuma a haɗa shi da maɓallin da ke gefensa mai rubutun HOLD. Wancan man birki yake riƙewa ta famfon ABS don ka ɗauke ƙafa a danja ko a cunkoso. In tsayuwar ta yi tsawo sai ya miƙa wa hambirkin lantarki aikin, a Toyota bayan kamar minti 3, a Honda bayan minti 10. Sai direba ya ga jar P ta kama alhali bai taɓa komai ba. Ba lalacewa ba ce.

Oga_Rover_Jos:
Duk bayanin da Rewaya ya yi na moto a bayan kalifa gaskiya ne, amma ba kowace jif ce haka ba, kuma wanda bai bambance ba zai kwance taya yana neman abin da babu. Akwai nau'i na biyu: moto ɗaya tak a cikin akwati a ƙarƙashin mota ta baya, yana jan kebul biyu zuwa tayoyin, kebul ɗin su buɗa layinin, wato takalman birki, a cikin wata 'yar ganga da ke tsakiyar farantin birki. Wato tsohon hambirki ne sak, hannun mutum kawai aka maye da moto. Haka Land Rover Discovery 3 da 4 suke, da Range Rover Sport ta farko, da BMW X5 ta 2007 zuwa 2013.

Yadda za a gane: a leƙa bayan tayar baya. In an ga baƙin akwati da soket a manne da kalifa, nau'in farko ne. In kalifar tsirara take sai tiyon mai kawai, kuma ga kebul yana shiga bayan farantin, na biyu ne.

Daɗin wannan nau'in shi ne masu ƙera shi sun bar igiyar gaggawa. A Discovery 3 tana cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, kusa da giya, ƙarƙashin wani ɗan murfi da ake ɓallewa. Za a ga waya mai madauki, a saƙala mariƙin jak ko sukudireba mai ƙarfi a ja da ƙarfi har a ji ƙas. A X5 ɗin da na ambata tana but, a buɗe murfin gefen hagu, a cire kayan da ke wurin, a saƙala sukudireba a madaukin a ja sama. Tana da tauri, sai an sa ƙarfi, amma ja ɗaya ne miƙaƙƙe, ba fizge-fizge ba.

Alhaji_Mai_Janwe:
Kafin kowa ya ja wannan igiya, waigi! A gaban taya da bayanta, kuma giya a P. Da ta yi ƙas motar ba abin da ke riƙe da ita sai ɗan haƙorin da ke cikin giyabos. Discovery ta haura tan biyu, in ta motsa a gangare ba mai tare ta da hannu.

Oga_Rover_Jos:
Haka ne Alhaji, wannan shi ne kan gaba. Sannan a sani igiyar ba gyara ba ce. A Discovery, in aka ji birkin yana wata irin kururuwa mai tsawo lokacin kamawa, layinin ne suka ci ko saitinsu ya tafi, moton yana ja har ƙarshen zarensa bai sami tauri ba, daga nan ya cije. Laka da yashi da ke shiga gangar bayan an bi hanyar ƙauye da damina su ne suke cinye layinin da wuri. In aka saki da igiya aka sake danna maɓalli ba a buɗe gangar an wanke an saita ba, zai sake cijewa, kuma a karo na biyu ko na uku giyoyin roba na cikin akwatin suke karyewa. Gyaran layinin kuɗi kaɗan ne, akwatin kuwa ba a magana.

Dan_Gareji_Kano:
Allah ya saka da alheri. To mu koma kan nau'in farko, tunda shi ya fi yawa a hannunmu. Batir lafiya, fis lafiya, moto ya mutu a kame. Babu igiya. Sai yaya?

Rewaya_Tudun_Wada:
Sai a kwance shi da hannu, kuma ba wuya in an bi a hankali. Mota a wuri mai laushin ƙasa ba a ɗaga ta, a nemi daɓe. Waigi a tayoyin gaba, giya a P, a kashe mota a fitar da makulli nesa da ita don kada kwamfuta ta farka ta motsa wani abu hannu na ciki. A ɗaga, a sa abin tokare bayan jak, a cire taya. A zare soket. Kusoshi biyu ne ke riƙe da akwatin a jikin kalifa, a Tiguan masu bakin tauraro ne T30, a wasu motocin na alanki. A tsaftace ramin kusar kafin a sa sifana, domin in bakin ya gwigwiye aiki ya ƙaru. A jijjiga akwatin a zaro shi a miƙe.

A bayan kalifar za a ga kan sandar nan mai zare. A sa sifanar da ta shiga daidai, yawanci mai tauraro ce ita ma, a juya ta hannun dama, kamar mai ɗaure noti. Zagaye ɗaya zuwa biyu ya isa farantin ya fara juyawa da hannu. In don a matsar da mota ne kawai, a tsaya nan. A yi ɗaya gefen in shi ma a kame yake. Wurin mayarwa a lura da zoben robar da ke tsakanin akwati da kalifa. In ya tsage ko ya bushe a canza shi, domin ta nan ruwa ke shiga ya kashe moto.

Matashin_Bakanike:
Oga, afuwan, ba hagu ba ne? Ai kwancewa hagu ake yi.

Rewaya_Tudun_Wada:
Tambayarka daidai take, Malam. Kai daga baya kake kallon sandar, kuma ita ba fita take yi ba, a wurinta take juyawa. Notin da ke kanta ne yake tafiya. In ka juya dama notin yana dawowa wajenka, ya bar fistin. In ka juya hagu yana tafiya gaba ya ƙara matsewa. A mafi yawan kalifofin nan haka ne. Amma hannunka zai gaya maka: ɓangaren saki yana yin sauƙi nan take, ɓangaren ɗauri yana ƙara tauri. In ka ji tauri na ƙaruwa ka tsaya ka koma. Kuma hannu kawai, ban da bindigar iska.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Akwai gajeriyar hanya in moton da ransa, matsalar daga waya ce ko kwamfuta. A zare soket, a kawo waya biyu daga batir a taɓa bakuna biyun moton kai tsaye. In ya ƙara ɗaurewa a juya wayoyin, zai kwance. Ba sai an cire akwati ba.

Sadiya_Diagnos:
Tana aiki, amma ni ba zan ba yaron gareji wannan shawarar haka kawai ba. Idan kwamfuta ce ke tuƙa moton, tana auna wutar da yake ja, da ta ga ya yi nauyi ta yanke. Wayarka ba ta san wannan ba. Ka riƙe ta daƙiƙa biyu fiye da kima, notin ya kai ƙarshe ya cije, ko haƙori ya karye. In kuma an riga an zare kalifa daga kan faranti aka ba shi wuta ta ɓangaren ɗauri, fistin zai fito waje gaba ɗaya, mai ya zube. Mafi muni shi ne a kuskure a ba wutar ta ɓangaren soket ɗin da ke komawa cikin mota. Wannan kai tsaye kwamfuta yake tafiya.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Ban musa ba, Hajiya Sadiya. Sharaɗinta uku ne: a sa fis a kan wayar fulos, kalifa na kan farantinta da fad a ciki, kuma taɓawa ake yi ana ɗagawa, ana gwada farantin da hannu bayan kowace taɓawa. Da ya juya an gama. A bakin hanya inda ba kwamfuta, ta fi a ce za a fasa akwati da guduma.

Hajiya_Injiniya:
Akwai wani hali da ba a ambata ba. An danna, an ji moto biyu sun yi ƙararsu daidai, jar fitila ta mutu, amma mota ta ƙi motsi. Nan birkin ya saki, fad ne ya manne da faranti saboda tsatsa. Yana faruwa in an wanke mota ko an ratsa ruwa aka ajiye ta a kame kwana da kwanaki. A sa D a taka totur kaɗan, a sa R a taka kaɗan, sau biyu ko uku, za a ji ɓas ta rabu. Daga nan a yi tafiya a hankali ana taka birki don farantin ya goge.

In taya ɗaya ce ke riƙewa ko tana zafi bayan tafiya, a sassauta ɗan nonon fitar da iska na kalifar. In mai ya fito da ƙarfi taya ta saki, tiyon birki ne ya toshe daga ciki, ba ruwan hambirki. In ba ta saki ba, a duba fil biyun da kalifa ke zamewa a kai, ƙura da rashin giris suna ƙafar da su.

Dan_Maradi_4x4:
To motar da za a ajiye wata biyu ko uku, a kama birkin ko a bari?

Hajiya_Injiniya:
In wurin a daidaice yake, a bar shi a sake, giya a P, a sa waigi. Ka huta da tsatsa, kuma in batir ya mutu kafin ka dawo ana iya tura motar. A motar da ke kamawa da kanta sai an fara kashe wannan tsarin, kamar yadda Injiniya ya bayyana na RAV4.

Alhaji_Mai_Janwe:
Ni a gangare ban yarda a bar shi a sake ba ko na kwana nawa ne. Kuma ana iya turawa ɗin ma sai giya ta fita daga P, wanda shi ma wuta yake so. A masu sandar giya ta gargajiya akwai ɗan murfi kusa da sandar, a ɓalle shi a tura makulli ko sukudireba a danna, sandar za ta tafi N. Mutane suna yin wannan su ga mota ba ta motsa ba su rikice. Kulle biyu ne daban, na giya da na birki, kowanne da hanyarsa.

Matashin_Bakanike:
Iyayen gida, tunda ana kan kalifa, wajen canza fad na baya fa? Fistin ɗin ba ya komawa ko an matsa.

Sadiya_Diagnos:
Ba zai koma ba, domin ko birki a sake yake notin yana nan dab da bayan fistin, ɗan kaɗan yake ja baya. In ka sa ƙarfi zaren sandar kake murƙushewa. Sai an sa motar a yanayin gyara, moton ya janye notin har ƙarshe. A Tiguan ta farko da kwamfuta ake yi, a shiga sashe na 53, a zaɓi 007 don buɗewa, in an gama 006 don rufewa. A sa caja a kan batir lokacin aikin, kada wuta ta faɗi a tsakiya.

Wasu ba sa bukatar kwamfuta. Ford Edge da Escape masu wannan birki: a kunna mota ba a tayar da inji ba, a taka totur har ƙasa a riƙe, a danna maɓallin P ƙasa a riƙe, a kashe mota a sake kunnawa cikin daƙiƙa 5 ba a saki ko ɗaya ba. Za a ji moto ya yi doguwar ƙara, saƙo ya fito a dashbod. Fita kuma haka ne, sai dai maɓallin sama ake ja. Mazda CX-5 kusan haka, totur a ƙasa, maɓalli a danne, a danna maɓallin tayarwa sau uku da sauri.

Bayan nan fistin turawa ake yi a miƙe, ba murɗawa irin na tsofaffin kalifofi masu kebul ba. A buɗe murfin robar man birki a lura kada ya tumbatsa. In an ɗaura sabon fad, a taka birkin ƙafa sau da yawa har ya yi tauri, sannan a fitar da motar daga yanayin gyara, a kama a saki sau biyu ko uku ana sauraron gefe biyun.

Rewaya_Tudun_Wada:
Wanda ya saki da hannu yadda na faɗa shi ma ya yi wannan na ƙarshen. Bayan an mayar da akwati, a kama a saki, in fitilar ruwan ɗorawa ta ƙi mutuwa sai an sa kwamfuta ta sake koya wa moton matsayinsa. In moton matacce ne aka bar soket a zare don a kai mota gareji, a naɗe bakin soket ɗin da leda da salatif, kuma direba ya san ba shi da hambirki a wannan gefen har sai an canza.

Mai_Benz_Zariya:
ML da GLE su ma suna da yanayin canza fad a cikin dashbod, ta maɓallan sitiyari ake shiga, ba sai da kwamfuta ba. Amma sai an saki birkin tukuna kafin ta yarda ta shiga.

Dan_Gareji_Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya a kan nau'in farko. Wajen sayen akwatin moto na gwanjo, na hagu da na dama ɗaya ne, ko kowanne da nasa?

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Ya danganta da motar. A wasu guda ɗaya ne yake shiga ko'ina, a wasu bakin soket ɗin yana kallon wani ɓangare daban. Ka tafi da tsohon a hannu, ka gwada lambar da ke jikinsa da ta wanda za a ba ka, ka ƙirga haƙoran inda yake kama sandar, domin akwai masu kama da juna a waje amma haƙoran ba ɗaya ba. Ka sa a ba shi wuta a gabanka ya juya gaba ya juya baya, sannan ka duba robar jikinsa da kyau ko akwai tsaga a kusa da ramukan kusa.